Daga Zangon Kwatano zuwa Wida, ranar bikin Bodun

Ba kallon biki ne ya kai ni Jamhuriyar Benin ba. Kawuna, wanda ya daɗe yana sayar da kayan gyaran mota a unguwar Zango ta Kwatano, shi ya kira ni in taya shi lissafin shago a farkon 2024. Na bi motar dare daga Kano zuwa Legas, na tsallaka iyakar Seme, na faɗa garin da 'yan acaɓansa ke sanye da riguna ruwan ɗorawa. Ranar Talata da daddare Kawu ya ce gobe 10 ga Janairu babu kasuwa, hutun addinin Bodun ne, wanda duniya ta fi sani da Budu, kuma Wida za mu tafi.

Na ce, "Kawu, wurin matsafa za ka kai ni?"

Ya ce, "Ɗana, wurin maƙwabcina zan kai ka. Ranar da na yanke jiki na faɗi a shago, shi ya ɗauke ni zuwa asibiti. Duk Sallah yana zuwa gidana. Sau ɗaya a shekara yake gayyata ta."

Wida na da nisan kusan kilomita 40 yamma da Kwatano, a kan hanyar Lome. Hazon hunturu ya sauko har bakin teku, motarmu kuma cike take da mata masu fararen zannuwa da duwatsun wuya jere-jere. Ina ta salati a zuci, ba zan ɓoye ba.

Abin da ya fara tsayar da ni shi ne tsakiyar garin. Ɗakin bautar mesa, wadda suke kira Dangbe, yana kallon babban cocin Katolika, titi kawai ya raba su. A ƙofar ɗakin wani saurayi ke karɓar baƙi yana yi musu bayani dalla-dalla: mesar ba ta da dafi, idan ta fita ta shiga gidan mutum ba a kashe ta, ɗaukarta ake yi a mayar. Na tambaye shi, ta bakin maƙwabcin Kawu, ko ita suke ɗauka a matsayin Ubangiji. Bai ji haushi ba. Ya ce mahalicci ɗaya ne, Mawu suke ce masa, su bodun kuwa, wato iskokin da suke bauta wa, tsakani suke. Ban yarda da aƙidarsa ba, bai kuma nemi in yarda ba. So yake in koma gida da abin da ya faɗa da bakinsa, maimakon abin da na taso ina ji.

Wannan fitowa fili ba tsohon abu ba ne. Bayan Mathieu Kérékou ya karɓi mulki a 1972, gwamnatinsa ta ƙaddamar da yaƙi da maita, guguwar kuma ta haɗa da gidajen Bodun da shugabanninsu. Sai a zamanin Shugaba Nicéphore Soglo aka yi babban bikin Wida a 1993, shekarar da Fafaroma John Paul na Biyu ya gana da shugabannin addinin a Kwatano, daga baya ranar 10 ga Janairu ta zama hutun ƙasa. Mahaifiyar maƙwabcin Kawu, tsohuwa mai tsagar addini a kafaɗa, ta shaida zamanin biyu. Na durƙusa na ce, "Sannu, Iya." Ta ce a wancan lokacin mayafi take rufe kafaɗar da shi idan za ta kasuwa. Ranar kuwa a buɗe take, an shafa mata farar ƙasa, jikokinta 'yan boko suna ɗaukarta hoto da waya.

A wani fili muka tarar da zangbeto, masu gadin dare na gargajiya. Kamar an ɗauko jinkar rumbu an rina ciyawarta kala-kala, sai ka ga tana juyi tana tada ƙura. Can gaba ga egungun, dodannin kakanni, cikin tufafi masu walƙiya, samari riƙe da sanduna suna kare mutane kada rigar ta taɓa kowa. Kiɗan ya tuna mini garayar 'yan bori da nake jiyowa daga bayan gari ina yaro, a ja mu cikin gida a rufe ƙofa.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba. Gwamnatin Patrice Talon ta faɗaɗa bikin don jawo masu yawon buɗe ido, kuma na ga baƙi suna cusa kyamara a fuskar matar da iska ta hau kanta, kamar ba ibadarta take yi ba. Mutanen da suka yi juriyar fitowa su nuna kansu sun cancanci a tsaya nesa kaɗan.

Daga gari muka bi tsohuwar hanyar bayi, kusan kilomita 4, zuwa Ƙofar Tafi-Ba-Dawowa da aka gina a bakin teku a 1995. Ta gaɓar nan aka yi ta lodin mutane zuwa Bahiya ta Barazil, cikinsu har da Hausawa, waɗanda wasunsu suka shiga boren Musulmi na 1835 a birnin Salbado. Jirgi ɗaya ya ɗauki mai carbi da mai bodun. Azahar ta riske mu a wurin, sai maƙwabcin Kawu ya nemo mana ruwan alwala, ya tsaya yana karkatar da jama'a daga gabanmu har muka sallame.

A motar dawowa ba Wida nake tunani ba. Wani Bamaguje nake tunawa, dattijo da ke kawo wa mahaifinmu gero kowace kaka, ba a taɓa kama shi da tauye mudu ba. A zaure yake tsayawa, a kawo masa ruwa a kwano na daban, mu yara kuma "arnen nan" muke ce masa. Na lalubi sunansa a kaina har muka shigo Kwatano, ban samu ba. Da muka isa Zango na kira mahaifiyata na ce, "Inna, yaya sunan dattijon nan mai kawo mana gero?" Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce bari Baba ya dawo daga masallaci ta tambaye shi.