Shekarar da na rubuta ba daidai ba

Na gama karatu, na karɓi takardata, amma akwai layi ɗaya a kundin digirina da har yau yake ci mini rai.

Ƙauyen da na yi bincike a kansa yana bakin kogin Kwara, a ƙasar Yawuri. Tarihinsa aka ce in rubuta, da yanayin ƙasarsa da yawan jama'arsa. Da na isa sai na ga tsofaffin gidajen siminti jere, duk iri ɗaya. Na duba takardun ofis, na ga an tare a wurin ne lokacin da aka kammala madatsar ruwan Kainji a 1968. Ban tambayi kowa ba, na rubuta cewa a shekarar aka kafa garin.

Ranar da na karanta wa dattawa a ƙofar mai gari, wuri ya yi tsit. Can sai wani tsoho ya ce, "Ɗan nan, gobe da sassafe ka same ni bakin ruwa." Jikansa ne ya tuƙa mu a kwalekwale. Mun yi nisa har gaɓa ta koma kamar zare, sannan ya ce a tsaya. Ya nuna ruwa da haɓa. "Nan ne lambun albasarmu. Can gaba kaɗan aka binne mahaifina." Na leƙa, ba abin da na gani sai ruwa. Na ce, "Baba, a yafe mini." Bai amsa ba, ya ci gaba da lissafo sarakunan garin da suka yi zamani a kan tsibirin, tun kafin zuwan Turawa. Mutanen garin Gungawa ne, su kuma Reshe suke kiran kansu. Garinsu tashinsa aka yi, ruwa ya cinye na asali.

Na koma da murna na gyara babin. Malamin da ke duba aikina ya ja masa jan biro daga sama har ƙasa, ya ce tatsuniya ce, in kawo takarda. Mutumin da bai taɓa taka Yawuri ba! Sau biyu na yi masa bayani, a na uku ya tuna mini cewa sakamakona a hannunsa yake. Na ji tsoro, na mayar da 1968. Laifinsa daban, amma hannuna ne ya rubuta.

Sauran darussan ba su da tsawo. Kada ka ƙirga mutanen bakin ruwa da rani, lokacin da masunta suka tafi tunga, samari suka tafi ci-rani. Alƙaluman ƙidayar 2006 ma ba za su nuna maka wannan kai-komon ba. Ka fara gaida mai gari kafin ka fito da biro. Ran kasuwa kuma, in ka ga an cika jirgi fiye da kima, ka jira na baya.

Sunayen sarakunan nan suna cikin littafina na fili, ruwa ya ɗan jiƙa gefen shafin. Na yi wa Baba alkawarin kai masa kundin in an ɗinka. Shekara biyu ke nan ban iya komawa ba.