Shekara Huɗu Ina Sare Itace Don Raya Daji A Shikago

Ranar da na fara fita aikin sa-kai a wani gandun daji da ke arewacin birnin Shikago, wata Asabar ce a watan Janairu, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa har idon sawu. Abokin aikina da ya gayyace ni ya ce mini aikin raya daji ne, ni kuwa a iya sanina raya daji ba shi da wata ma'ana sai dashen itatuwa, domin da haka muka tashi a ƙasar Katsina, inda ake raba wa 'yan makaranta dashen dalbejiya a leda idan damina ta sauka, ana yi musu gargaɗi kan kwararowar hamada. Da muka isa sai na tarar da mutane kusan ashirin sun kewaye wata babbar wuta, wasu na jan rassa suna jefawa a ciki. Wata dattijuwa da ke jagorantar aikin ta miƙo mini zarto da safar hannu, ta nuna mini wani kurmi mai duhu, ta ce duk itacen da aka ɗiga wa jan fenti in kayar da shi. Na karɓi zarton, amma zuciyata ba ta kwanta ba, domin a wurinmu mai sare ɗanyen itace ba a kiransa mai gyara.

Ta lura da ni. Ba ta yi mini dogon bayani ba, sai ta ce in biyo ta, muka kutsa cikin kurmin a sunkuye har muka isa gindin wani ƙaton itacen oak wanda mutum biyu ba za su iya rungume shi ba. Ta ce in ɗaga kai in dubi rassansa. Manyan rassan na ƙasa sun miƙe ta kowane gefe kamar na tsohuwar ɗorawa a tsakiyar gona, amma duk sun bushe, sai can ƙololuwa ne kaɗai ake ganin alamar rai. Ta ce, “Itacen da ya girma a cikin cunkoso sama yake miƙewa yana neman rana. Wannan da ya baje rassansa haka, a fili ya tashi. Duhun da kake gani daga baya ya same shi.” Sannan ta ce in duba ƙasa in nemo mata ƙaramin oak ko guda ɗaya. Na duba ban samu ba. Da na share ƙanƙarar da ƙafa, ƙasar ma tsirara take, babu ko busasshiyar ciyawa.

Daga baya na karanta tarihin wurin, na fahimci abin da ta nuna mini. Kafin Turawa su mamaye jihar Ilinoi, inda Shikago take, kimanin eka miliyan 22 na ƙasarta filin doguwar ciyawa ne da ake kira fireri, kuma a tsakanin filayen da dazuzzuka akwai wurare masu itatuwan oak jefi-jefi, rana na ratsawa har ƙasa. Wuta ce ta riƙe wannan tsari, wadda tsawa kan tayar wani lokaci, amma galibi 'yan asalin ƙasar, irin su ƙabilar Potawatomi, su ne ke cinna ta da gangan. A 1837 wani maƙeri mai suna John Deere ya ƙera garmar ƙarfe mai santsi a garin Grand Detour na jihar, wadda ƙasa ba ta manne mata, kuma cikin gomman shekarun da suka biyo baya aka nome filayen kusan ƙaf. Abin da ya rage a yau na asalin fireri mai kyau bai wuce eka 2,500 ba, wasu a tsofaffin maƙabartu da gefen layin dogo, inda garma ba ta shiga ba. Wuraren da ba a nome ba kuma aka hana su wuta, sai sarƙaƙiya ta cike su.

Babban abin da ya cike su shi ne itacen da muke sarewa, wanda ake kira bakton. Daga Turai aka kawo shi a ƙarni na 19 domin a yi shinge da shi. Yana riga yawancin itatuwa fitar da ganye idan sanyi ya wuce, kuma yana cikin na ƙarshen kaɗewa, saboda haka inuwarsa ba ta barin komai ya tsira a ƙarƙashinsa. Tsuntsaye na cin baƙaƙen 'ya'yansa, suna sa su zawo, su watsa irin ko'ina. Hanyar gane shi a lokacin sanyi, da babu ganye, ita ce a kankare ɓawonsa da bakin zarto: idan cikin ya fito ruwan lemo, shi ne. Ana yanke shi dab da ƙasa, a daddatsa, a jefa a wuta, sannan wani mai lasisin jiha ya biyo baya ya shafa wa kututturen maganin kashe tsiro.

Wannan shafa magani ta daɗe tana damuna, kuma a kanta na yi kuskuren da ya fi koya mini darasi. A shekarar farko, wata rana da yamma ta yi, na sare wajen guda goma sha biyar a wani lungu, ban kafa musu tutar da ake sakawa don mai magani ya gan su ba. Ban manta ba, a raina gani nake yi sarewar ta isa, kuma ba na son a zuba guba a daji. Da na koma wurin a watan Yuli, kowane kututture ya yi toho bakwai ko takwas, sun kai ƙuguna, wurin ya fi yadda na same shi cunkushewa. Na je na gaya wa dattijuwar abin da na yi. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce lungun ya zama nawa, in gyara shi idan sanyi ya dawo. Asabar uku na yi a kansa. Ya kamata a ce na san haka tun farko, domin duk wanda ya taɓa sassabe ya san yadda sabara da kalgo ke dawowa daga kututture. Ƙarfin da manoman Maraɗi suka dogara da shi suka mayar da itatuwa gonakinsu, ta hanyar barin toho su rene shi, shi ne dai ƙarfin da muke fama da shi a nan, sai dai a can itacen ɗan gida ne.

Wuta kuwa sai a shekara ta biyu aka bar ni na matso kusa da ita, bayan na halarci horon da ake ba masu sa-kai. A ƙarshen kaka ake ƙonawa ko kuma a watannin Maris da Afrilu, kuma ba a sa rana tun da wuri, domin sai an duba ƙarfin iska da inda ta dosa da kuma laimar da ke cikinta, a sanar da 'yan kwana-kwana da maƙwabta. Ranar da na fara shiga, an ba ni tankin ruwa na goyo da wani faifan roba mai dogon mariƙi da ake danne harshen wuta da shi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ta inda aka fara. Mai riƙe da butar wuta, wadda ke ɗigo da gaurayen gas da fetur, ya je can ƙarshen filin, gefen da iska ke dosa, ya cinna a bakin hanyar da aka riga aka share. Wutar ta riƙa tafowa a hankali tana fuskantar iska, tsayinta bai wuce gwiwa ba, mu kuma muna biye muna kashe duk wadda ta nemi tsallake hanya. Sai da baƙar ƙasa ta yi faɗi sosai, aka bi gefe biyu aka ƙone, sannan aka cinna ta bayan iska. Nan ne na ga wutar da ta fi tsayin ɗaki, tana ruri, zafinta na dukan fuska daga nesa, ta cinye filin cikin 'yan mintoci, ta isa inda aka riga aka ƙone ta mutu da kanta.

Na tsaya ina kallon tokar, na tuna da ƙunar daji ta gida, wadda mafarauta ke saki da rani ta ci rumbuna da amfanin gona, kuma har yau ban canza ra'ayi a kan irin wannan wutar ba. Amma bayan mako uku na koma na ga filin ya yi kore shar, domin ciyawar fireri mafi yawan jikinta a ƙarƙashin ƙasa yake. Akwai wani tsiro mai furanni rawaya, wanda ganyensa ke daidaita da kudu da arewa har ake masa laƙabi da kamfas, saiwarsa na iya nutsewa fiye da mita huɗu. Manyan oak ɗin ma ko gezau, domin irin wanda ya fi yawa a wurin ɓawonsa kauri gare shi kamar toshiyar kwalba. Ƙananan bakton ne suka bushe a tsaye.

Aikin da na fi so shi ne tara iri, daga tsakiyar bazararsu har watan Oktoba. Kowa na rataye da jakunkunan takarda, ana bin tsirrai ɗaya bayan ɗaya ana zagewa da hannu, kuma doka ce ba a kwashewa duka, sai an bar wa wurin rabonsa. A nan ne wata rana na tsaya a gaban wata ciyawa da ta fi ni tsayi, kanta ya rabu uku kamar sawun talotalo, na ji kamar na santa. Na murza karanta, na duba yadda take tashi dunƙule-dunƙule daga gindi ɗaya, na ce da wanda ke kusa da ni wannan ai gamba ce. Da na bincika sai na tarar ban yi nisa da gaskiya ba: sunanta na kimiyya Andropogon gerardii, gambarmu kuma Andropogon gayanus, dangi ɗaya ne. Gambar da mahaifina ke bari a kan iyakar gona, ake yanka a saƙa zana, 'yar'uwarta ce ta taɓa rufe tsakiyar Amurka. Binciken ya kai ni ga wani abu kuma. An kai gambar tamu arewacin Ostareliya a shekarun 1930 domin kiwon shanu, yanzu ta zama annoba a can, tana haddasa gobara mai zafin da ke kashe itatuwansu, hukuma na kashe kuɗi wajen yaƙarta. Tun daga ranar na daina jin haushin bakton, ko da yake ban daina sare shi ba.

Idan an gama tarawa sai a zauna sussuka da sheƙa, aikin da hannuna ya riga ya sani, har na nuna wa wasu yadda ake karkata faifai a bar iska ta ɗebe ƙaiƙayi. Ana gauraya irin gwargwadon wurin da zai je, na fili daban, na inuwa-inuwa daban, na fadama daban, sannan a watsa shi a ƙarshen shekara, wani lokaci a kan ƙanƙara, domin yawancinsa ba ya tsira sai ya sha sanyi da laima na watanni. Wannan rarrabewa tana da tarihi. Stephen Packard, wanda ya fara tara masu sa-kai a bakin reshen arewa na Kogin Shikago a 1977, da farko irin fireri ya riƙa watsawa a ƙarƙashin oak, bai yi ba. Sai da ya koma kan wani jerin tsirrai da wani likitan karkara, Samuel Mead, ya wallafa a 1846, ya gane cewa wuraren da rana da inuwa ke gauraya suna da tsirransu na kansu, waɗanda aka manta da su. Aka bi gefen hanyoyi aka nemo ragowarsu aka shuka, wurin da ake kira Somme Prairie Grove ya farfaɗo, har yau ana zuwa koyo a can.

Ba kowa ne ya yarda da wannan aiki ba. A 1996 ƙorafin mazauna wasu unguwanni ya sa hukumar gundumar Cook da Shikago ke cikinta, wadda ke riƙe da gandun daji kusan eka 70,000, ta dakatar da sara da ƙonawa, kuma a wasu wuraren dakatarwar ta ɗauki shekaru. Wasu abokan aikina har yanzu da ɗaci suke ba da labarin. Ni ban iya ganin laifin mutanen ba, domin na san abin da na ji ranar da aka miƙo mini zarto. Mutumin da ya buɗe tagarsa ya ga an kayar da kurmin da ya saba gani, hayaƙi na tashi, yana da haƙƙin a kai shi gindin oak a nuna masa rassan, kamar yadda aka yi mini. Shi ya sa idan mai wucewa ya tsaya yana tambaya, ko da a fusace ne, nakan ajiye zarto in tafi da shi.

Lungun nan da na ɓata na kuma gyara, yanzu shekara uku ke nan rana na sauka a cikinsa. A shekarar farko ciyayi marasa amfani ne suka fito, har na yi zaton irin da muka watsa ya lalace. A ta biyu wata ciyawa mai kai kamar burushin wanke kwalba ta bayyana, wadda ke cikin gaurayen da muka zuba. A watan Yunin bana ina tsugune ina cire ƙananan bakton da suka tsiro daga tsohon iri, sai hannuna ya kai kan wani tsiro mai ganye huɗu masu lanƙwasa a gefe, tsayinsa bai kai taƙi ɗaya ba. Na kira dattijuwar ta zo ta duba, ta tabbatar mini oak ne, ta ce ƙila kurege ne ya binne ƙwallon ya manta. Muka ci gaba da dubawa muka sami guda shida. Barewa ta yi yawa a gandun, kuma tana cin irin waɗannan tun suna ƙanana, saboda haka Asabar ɗin da ta biyo baya na zo da ragar waya da turaku na kewaye kowannensu, na rubuta a littafin aiki cewa idan za a ƙone wannan gefen a watan Afrilu, a share ganyen da ke kewaye da su tukuna.