Dogaro ga Allah a ƙasar takardu

A Jamus magana ba ta zama magana sai an rubuta ta an buga hatimi. Doka ta ba ka mako biyu daga ranar da ka tare a gida ka je ka yi rajistar adireshinka, kuma ba za a yi maka ba sai da shaidar mai gidan. Sai an yi rajistar ne lambar harajinka za ta iso ta gidan waya. Shi kuwa mai gida, kafin ya ba ka ɗaki, galibi yana son ganin takardun albashi na wata uku. To wanda ya sauka jiya, ina zai samo su? Haka na yi ta zagaye a farkon zuwana, rungume da jakar takardu, kowace da kwafinta, kowace da fassararta.

Na shigo ne ta ƙofar dokar kawo ƙwararrun ma'aikata, wadda ta fara aiki a watan Maris na 2020. Sana'ata lantarki ce, kuma na iya ta. Abu biyu na riƙo na taho da su: hannuna, da wani abokina da ya riga ni zuwa, wanda ya ce in dai yana numfashi ba zan rasa wurin kwana ko aiki ba.

Hannun nan sai da aka auna shi. Shaidar sana'ar da ka zo da ita daga waje sai an gwada ta da tasu kafin a yarda kai cikakken gwani ne, kuma abin yakan ɗauki watanni. Kafin nan, kai da ka saba ana kiran ka idan aiki ya gagara, kai ne mai miƙa wa yaro ɗan shekara ashirin waya da sukundireba. Abokin nawa kuma bai yi mini ƙarya ba. A nan sabon ma'aikaci yana iya yin har wata shida a gwaji, kuma cikin wannan lokaci sanarwar mako biyu ta isa a sallame shi. Ita aka ba shi ana gab da zuwana. Muna zaune a bakin gadonsa ya miƙo mini wasiƙar bai ce uffan ba, layi huɗu ne kacal da sa hannu a ƙasa. Ya so ya riƙe ni, amma shi ma neman mai riƙe shi yake yi.

Tun daga ranar nake yawan tuna Annabi Yusufu, wanda shi ma baƙo ne a Masar. Yana kurkuku ya ce wa wanda zai fita ya ambace shi a wurin sarki. Mutumin ya fita, mantuwa ta zo, Yusufu ya ƙara shekaru a tsare. Neman taimakon mutum ba laifi ba ne. Sai dai mutum tara yake bai cika goma ba: yana mantawa, yana rashin lafiya, ana sallamar sa daga aiki.

Akwai wata jarabawar da ta fi wannan ɓuya, ita ce ta bayan abubuwa sun fara daidaita. Ƙasar nan an tsara ta ta yadda za ka ga kamar ba abin da zai same ka ba a shirya masa ba. Inshorar lafiya dole ce a kan kowa. Akwai ta haɗari a wurin aiki, akwai ta rasa aiki, har da ta ɓarnar da za ka yi wa kayan wani bisa kuskure. Likita da ofis duk da ranar ganawa, a rubuce tun watanni. Tsarin yana da kyau, ni ma ina cin moriyarsa. Amma sannu a hankali sai "in Allah ya yarda" ta zama al'adar baki kawai, zuciya kuwa ta koma kan kalanda. Musulmi ranar Hunaini, a shekara ta 8 bayan Hijira, sun kai dubu goma sha biyu, yawansu ya ƙayatar da su, kuma aya ta 25 a Suratut Tauba ta ce yawan bai amfane su da komai ba, har ƙasa ta yi musu ƙunci duk da faɗinta. Wannan ƙuncin na san shi. Lokacin da nake jiran hukunci a kan izinin zamana, da takardar wucin gadi a aljihu, komai nawa ya cika, ba abin da ya rage in yi. Amma duk yamma in na sa ɗan mabuɗi a akwatin wasiƙu sai gabana ya faɗi.

Wani dattijo da muke haɗuwa a masallaci ranar Juma'a, wanda ya daɗe a ƙasar, shi ya lura da ramar da na yi. Na ce, "Baba, na yi duk abin da aka ce in yi." Ya ce, "To ɗana, me kake nema da rashin barci kuma? Zafin nema ba ya kawo samu." Sannan ya tuna mini da Annabi Yaƙubu lokacin da 'ya'yansa za su koma Masar: ya ce kada su shiga ta ƙofa ɗaya, su shiga ta ƙofofi daban-daban, kuma bai rufe baki ba ya gaya musu cewa ba zai iya kare su daga abin da Allah ya hukunta ba, shi ga Allah ya dogara. Dabarar da dogaron duk a aya ɗaya suke, ta 67 a Suratu Yusuf.

Wannan ya sa ba na jin daɗin wasu 'yan uwanmu da ke tara wasiƙu ba su buɗe ba suna cewa Allah na nan. Lalle yana nan. Amma wasiƙar hukuma a nan da wa'adi take zuwa, in ya wuce magana ta canja. Wanda ya yi Hijira a 622 ya fi kowa dogaro, duk da haka sai da aka tanadi raƙuma biyu, aka ɗauki ɗan jagora da ya san hanya, aka kwana uku a kogon Sauru. Rago ne ke kiran kasalarsa tawakkali, kuma shi ne farkon mai ɗora wa ƙaddara laifi.

Ni dai na ci gaba da zuwa ajin Jamusanci bayan tashi daga aiki, har a watan Disamba da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, ka fita da duhu ka dawo da duhu. Na ci jarabawar B1, wato matsakaicin matakin iya Jamusanci, an amince da sana'ata, izinin ya fito. Abokina ma ya sami wani aikin, a garin da bai taɓa tunanin zai zauna ba.

Yanzu ni sababbin zuwa ke nema. Kwanan baya wani yaro ya kira ni yana cewa, "Yaya, ba ni da kowa a ƙasar nan sai kai." Na ce masa ya haɗo takardunsa duka, har ambulan ɗin da suka zo a ciki, zan raka shi in yi masa tafinta. Da muka haɗu na ciro katin izinin zamana na nuna masa ranar ƙarewar da ke jiki, don ya san iyakar wanda ya riƙa.