Raba kobalt da nikel daga mataccen batir

A ɗakin gwaje-gwajenmu na sashen injiniyan sinadarai, aikin da ya fi ci mana lokaci shi ne raba kobalt da nikel daga baƙin garin da ake samu in an niƙa matattun batiran litiyam.

Narkar da garin ba wuya. Mukan zuba giram 50 cikin lita ɗaya ta asid ɗin salfurik mai ƙarfin mola 2, mu riƙa ɗiga haidirojin faroksaid, zafi digiri 70, ana juyawa har awa biyu. In babu faroksaid, kobalt mai yawa a gindin kwalba yake kwanciya. Daga nan mu ɗaga pH, wato ma'aunin tsami (yana hawa in tsami ya ragu), zuwa wajen 4.5 da ruwan soda, ƙarfe da alminiyam su kwanta, mu tace. Manganis kuwa wani sinadarin janye ƙarafa mai suna D2EHPA ke janye shi a wajen pH 3. Kada a tsallake wannan, domin in an bar shi, tare da kobalt zai tafi.

Sai babban aikin: sinadarin Cyanex 272 da aka narka a tataccen kananzir, wanda in an girgiza man da ruwan tare yake janye kobalt ya bar nikel a ruwan. Da farko nakan saita pH a 5.5, in girgiza mazurarin da ake haɗa man da ruwan a ciki, amma sakamako ya ƙi kyau. Ashe duk ƙwayar kobalt da ta shiga man, ƙwayoyin haidirojin biyu take sakowa cikin ruwan. Sai ruwan ya ƙara tsami, pH ya faɗo, janyewar ta tsaya. Ni kuwa lambar farko nake rubutawa a littafi. Yanzu sai man da ruwan sun rabu nake aunawa, kuma tun kafin a haɗa su mukan kashe wajen rabin tsamin Cyanex ɗin da soda. In sodar ta yi yawa, wani kumfa mai kauri ke tsayawa a tsakani ya hana rabuwa; ƙara sinadarin TBP kashi 5 cikin ɗari a man na maganinsa. In pH ya haura 6, nikel ya fara bin sahu.

Man kan koma shuɗi shar in ya ɗauki kobalt, abin sha'awa, amma ban yarda ɗalibi ya kawo min launi a matsayin hujja ba. Sai an auna ruwan da na'ura, lissafin abin da ya shiga da wanda ya fita ya daidaita.

Litiyam ne ƙarshe. Sodiyam kabonet ake zubawa a digiri 90, litiyam ɗin ya kwanta, a tace da zafinsa, don in ya huce wani sashe sake narkewa yake yi.