Wasiƙa daga Longyearbyen, garin da taimako ke da nisa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida.

Ina rubuto muku ne daga Longyearbyen, wani ɗan gari mai mutum kusan 2,500 a tsibiran Svalbard na ƙasar Norway, can ƙuryar arewacin duniya. Karatu ne ya kawo ni. Rabonmu da rana tun ƙarshen Oktoba, kuma ba za ta fito ba sai Fabrairu. Duk ranar da na kira gida, Inna ba ta ajiye waya sai ta ce: "To ɗan nan, in wani abu ya same ku a wannan duhun, wa zai kawo muku ɗauki?" Wannan tambaya tata nake so in amsa.

A nan, Gwamnan Svalbard shi ne shugaban 'yan sanda, kuma shi ke jagorantar aikin ceto. Yana da jirage masu saukar ungulu biyu da jirgin ruwa mai suna Polarsyssel, ga kuma 'yan sa-kai na Red Cross. Asibitin garin ƙarami ne. Wanda ciwonsa ya yi tsanani, jirgin sama ake sa shi zuwa birnin Tromsø da ke babban yankin ƙasar Norway, tafiyar sama da kilomita 900. Mai juna biyu ma tun kafin watanta ya kama take tattara kayanta ta tafi can ta haihu.

Masu saukar ungulun nan suna aiki, ba wasa. A ranar 28 ga Disamba 2018 jirgin kamun jatan lande Northguider ya kafe a mashigin Hinlopen da ke tsakanin tsibiran nan, cikin baƙin duhu da sanyi, suka je suka ɗebo ma'aikatansa 14 da ransu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar 19 ga Disamba 2015. Bayan guguwa ta kwana tana kaɗawa, dusar ƙanƙara ta zaftaro daga dutsen Sukkertoppen ta afka wa gidaje 11 a nan garin. Mutum biyu suka rasu, magidanci ɗaya da yarinya 'yar shekara biyu. Waɗanda suka fara tono maƙwabta ne, kowa ya fito da sheburinsa da fitilar goshi, suka yi ta haƙa. Wanda dusa ta binne, mintuna goma sha biyar na farko su ne ransa, ba ya iya jiran jirgi. Tun daga lokacin aka kafa shingayen tare dusa a jikin dutsen, aka rushe wasu gidajen, kuma da zarar an hango haɗari sai a kwashe mutane.

Shi ya sa kafin a bar ɗalibi ya fita daji sai ya yi horo. An binne jaka ɗauke da wata 'yar na'ura mai aika sigina cikin dusa aka ce mu nemo ta. Na riƙe tawa tana ƙara, na soka doguwar sandar bincike har ta taɓa abu, sannan na kama haƙa. Wallahi ko minti biyar ban yi ba numfashina ya fara sarƙewa, yatsuna suka ƙage cikin safar hannu. A lokacin na tuna yarinyar nan, na ƙara ƙaimi, alhali jaka ce kawai a ƙasa. An kuma koya mana harba bindiga da harsashi mai walƙiya saboda farar beyar, wata ƙatuwar dabbar dawa mai kai wa mutane hari, domin doka ce duk wanda zai bar gari ya riƙe abin korarta. Mai tafiya nesa sai ya sanar da ofishin Gwamna inda za shi da ranar dawowarsa.

Inna, ki kwantar da hankalinki. Ba na fita ni kaɗai, ba na fita ba tare da na faɗa wa wani ba, kuma sheburina yana jingine a bakin ƙofa kusa da takalmana. Ki ci gaba da sa mu a addu'a. A gaida Baba da yara.

Naku,
ɗanku na Svalbard