Dalilin da ya sa na ƙara wa lowa am ɗin gaba tsawo

A filin tseren motoci mai da'ira kwana ɗaya ce, yawanci hagu. Shi ya sa tayar gaba ta dama ke shan wahala, don a kanta nauyin mota ke zubewa. Motata tana ƙin shiga kwana, na murɗa sitiyari amma goshinta sai ya nufi bango.

Da na auna zafin tayar gaba ta dama a wuri uku, gefen ciki ya fi na waje zafi nesa ba kusa ba. Shi ya sa na ƙara wa lowa am tsawo, wato ƙarfen ƙasa da ke haɗa taya da jikin mota. In gajere ne, ƙaramin baka yake zanawa yayin da taya ke hawa da sauka, saboda haka da mota ta duƙa, karkatar taya, wato kamba, sai ta canza da sauri, tayar ta daina kwanciya sosai a ƙasa. Dogo kuwa a hankali yake canza ta, ga ƙarin faɗi tsakanin tayoyin.

Sai dai ba a taɓa lowa am shi kaɗai. Bol join, wato mahaɗin da ke bakinsa ta gefen taya, ya matsa waje, sifirin na nan inda yake, ƙarfinsa a bakin taya ya ragu, dole na sa mai tauri. Tayrod ma, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, sai da na ƙara masa tsawo, in ba haka ba tayar za ta riƙa juya kanta duk lokacin da ta hau gargada. A nan mutane ke ganda, ni kuwa a nan na fi daɗewa.

Kafin ka sayi komai, duba dokar ajin tserenku, yawanci akwai iyakar faɗin tsakanin tayoyi da aka yarda da shi.