Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Kwamfutar da Ta Kusa Raba Ni da Aikina

A makon jiya na tsaya inda Kawu ya kai ni shagon buga takardu a Kabuga, kusa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, ya damƙa ni a hannun maigidana. Yau zan ba ku labarin makonni uku da suka fi kowane lokaci yi mini nauyi a wannan shago.

Bayan Babbar Sallah ne, a ƙarshen Disambar 2007, sanyi ya kankama, hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen titi da safe. Kwamfuta uku ce a shagon, duk irin ta tebur, duk gwanjo, waɗanda muke kira Beljiyam, kowace da Windows XP a kanta. Ta kusa da ƙofa ta maigida ce. Ta ƙurya ta babban yaron shago ce, wanda nake kira Yaya. Ta tsakiya kuwa ita aka ba ni, kuma a kanta na koyi buga rubutu har yatsuna suka daina neman haruffa.

Wata safiya ina cikin buga wa wani ɗalibi takarda, sai allon ya yi baƙi ɗif. Fanka ta ɗan yi shiru, kwamfuta ta yi ƙara ɗaya, ta fara tashi daga farko kamar wanda aka danna wa maɓalli. Wuta ba a ɗauke ba, sauran biyun suna aiki lafiya. Na ce tsautsayi ne. Kafin azahar ta sake yi sau biyu.

Wadda abin ya fi shafa wata Malama ce, mai koyarwa a makarantar firamare, tana karatun digiri da goyo a bayanta. Kundin bincikenta na kammala karatu nake buga mata, da Hausa, kuma malamin da ke duba aikin ya cika babi na huɗu da jan biro. Gyaran ba a rubuce yake ba. A kanta yake. Takan zauna a gefena tana faɗa ina bugawa. Ranar wata Talata mun yi nisa, ta sake tsara sakin layi guda uku da bakinta har ita kanta ta ce yanzu maganar ta zauna, sai allo ya yi baƙi. Word yakan ajiye kwafin ceto duk bayan minti 10, amma abin da ya dawo mana da shi bai kai inda muka tsaya ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta gyara goyonta, ta ce, "Ba komai ƙanena, mu sake." Amma kalmomin ba su dawo mata yadda ta faɗe su da farko ba, ina ganin yadda take lumshe ido tana laluben su. Har yau in na ga mutum yana bugu bai ajiye aikinsa ba, hannuna yakan yi ƙaiƙayi in danna masa Ctrl da S.

Maigida ya kira ni waje da yamma. "Kai ne a kan wannan kwamfutar. Me ka sa mata?"

"Wallahi Oga ban sa mata komai ba."

"Fulash ɗin abokanka fa? Waƙoƙi fa?"

Na rantse, amma na ga bai gamsu ba. Kuma ban ga laifinsa ba. Lokacin bairos na yawo a fulash kamar mura a hunturu, kuma kwamfutar da ni kaɗai ke taɓawa ita kaɗai ke ciwo. Ya kira wani mai gyara, ya zo ya yi mata fomatin, ya sake ɗora Windows, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Washegari da hantsi ta sake mutuwa ta tashi. Maigida bai ce komai ba a ranar, sai dai na ji yana gaya wa Yaya cewa in abin ya ci gaba zai nemi Kawu su yi magana. Na san ma'anar wannan. Mahaifina ya riga ya fara gaya wa maƙwabta cewa ɗansa yana koyon kwamfuta, ga kuma ɗan abin da nake kai wa Inna duk Juma'a.

Yaya ne ya fara tsaya mini. Ya yi aiki a wani shagon intanet a 2004, shekarar da bairos ɗin Sasser ya addabi kwamfutoci, ya ce wancan yakan fito da sanarwa a allo, ya ƙirga daƙiƙa 60, sannan ya kashe na'ura. Tamu ba ta sallama. Ya kuma nuna mini wani abu da ban sani ba: Windows XP in ta ci karo da babbar matsala takan nuna shuɗin allo mai ɗauke da lambar laifin, amma an saita ta ta sake tashi nan take, don haka ido ba ya kama rubutun. Muka shiga saitin, muka cire alamar da ke ba ta wannan izini, muka zauna jiran shuɗin allo. Da ta sake yi, babu shuɗi babu rubutu, baƙi ne kawai. Yaya ya ce, "To ka gani, Windows ma ba ta san an mare ta ba. Ciwon a ƙarfe yake."

Ranar Juma'a bayan masallaci na roƙi maigida ya bar ni in buɗe ta. Abin da na gani a ciki ya isa a shuka gyaɗa. Ƙurar hunturu ta toshe haƙoran ƙarfen da ke shanye zafin furosesa, wato ɗan abin da ke yi wa kwamfuta lissafi, ta zama kamar bargo. Na aro buluwa na hure ta a bakin titi, na riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe ya zama kamar alli. Na goge, na shafa sabo ɗan kaɗan. Na zare RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, na goge haƙoranta da abin goge fensir, na mayar har ta yi ƙas. Da daddare da aka kawo wuta Yaya ya sa faifan Memtest86 mai gwada lafiyar RAM, ya zagaya ƙwaƙwalwar sau da dama bai sami kuskure ko ɗaya ba. Zafin da BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ke nunawa ya sauka sosai. Asabar ta wuni lafiya, Lahadi ma haka. Na kwana da murna, har na gaya wa Inna an gano ciwon.

Litinin ƙarfe tara da 'yan mintoci, shago cike da ɗalibai, ta mutu ta tashi.

A jikin shagonmu akwai wata 'yar rumfa ta wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin. Kowa Baba yake ce masa. Bai taɓa taɓa kwamfuta ba, shi da kansa yake faɗa. Ya ga na fito na zauna a kan benci na haɗa kai da gwiwa, ya ce, "Yaro, zo nan. Wane ne ya rasu?"

Na kwashe labari na gaya masa, har da su RAM da BIOS, don ya san abin ba irin nasa ba ne. Ya bar ni na gama, yana ta goge bakin ƙarfen narka dalma.

"Yaushe take yi?"

"Kowane lokaci, Baba."

"A'a. Shekarata talatin ina wannan aiki, ban taɓa ganin na'urar da ke yin abu kowane lokaci ba. Tana da lokacinta, kai ne ba ka riƙe ba. Nemi takarda. Duk sa'ad da ta yi, rubuta ƙarfe nawa, ka kuma ɗaga kai ka dubi abin da ke faruwa a ɗakin. Ka daina kallon akwatin."

Na sami bayan wani tsohon littafin rasit na fara rubutawa. Kwana uku ina yi. Da na jera lokutan sai ga abu ya fito fili: yawanci tsakanin tara da sha biyu na safe, kaɗan bayan la'asar, bayan magariba kuwa ko sau ɗaya ba ta yi ba. Ranar Laraba kuwa, ina zaune na ɗaga kai kamar yadda Baba ya ce, wata ɗaliba ta miƙa wa Yaya takardun lacca, ya danna injin fotokwafi. Ƙwan fitilar da ke saman kaina ya dushe kamar an rufe shi da tafin hannu. Kafin ya dawo daidai, allona ya yi baƙi.

Injin nan maigida ya sayo shi ne ana jibi Sallah. Babu wanda ya haɗa zuwansa da ciwon kwamfutar, domin kowa murnar cinikin da ya kawo yake yi. Asabar da Lahadin da na ɗauka gyarana ne ya ci, ashe ɗalibai ne ba sa zuwa kwafi.

Na ruga rumfar Baba. Ya ɗauko mitarsa mai allura, ya zo ya soka a soket ɗin da nake. Wutar da ya kamata ta kai bolt 230 tana wajen 190, abin da ba baƙo ba ne a unguwar da rana. Ya ce Yaya ya danna kwafi. Allura ta faɗi ƙasa warwas, sannan ta hau a hankali. Ya bayyana mana cewa a cikin injin akwai hita da ke narka hodar tawada ta manne a takarda, kuma in ta kama takan ja wat dubu ko fiye a lokaci guda. Muka bi waya muka ga injin da kwamfutocin uku duk a kan siririyar waya ɗaya suke, ta ekstanshin da aka ja ta bayan kabad.

Maigida, wanda ya tsaya yana kallo hannu a aljihu, ya yi tambayar da ta dace. "To Baba, in haka ne, me ya sa tasa kaɗai ke mutuwa? Ai duk ruwa ɗaya suke sha."

"Ita ce mai raunin ciki. Ciro mini akwatin da wutar ke shiga."

Na kwance fawa fak na kai rumfa. Na kai hannu zan buɗe murfin, Baba ya buge mini yatsu. "Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne." Ya ce manyan kwandensa biyun da ke ciki sukan riƙe wutar da ta haura bolt 300, kuma ba lallai su sake ta da zarar an zare waya ba. Sai da ya sauke wutar ya auna ya tabbatar, sannan ya bar ni na leƙa. Wannan gargaɗin nake maimaita wa duk yaron da ya zo koyo a wurina, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe shi: wanda bai san aikin ba kada ya buɗe wannan akwati, ya sayi wani ya fi masa.

Ɗaya daga cikin manyan ta kumbura. A ɓangaren da wuta ke fita kuma ƙanana uku kawunansu sun tashi kamar burodi, ɗaya har ta tsiyayar da wani abu ruwan ƙasa ya bushe a kanta. Baba ya ce kwandensa randa ce: tana tara wuta, in famfo ya yi tsaiko na ƙiftawar ido sai a sha daga randa. Randar sauran kwamfutocin da sauran ruwa, tawa ta tsage.

Shekaru bayan haka na karanta abin da ya sa maganarsa ta zama daidai. Ƙa'idar ATX, wadda ake bi wajen ƙera irin waɗannan kwamfutoci, ta tanadi fawa fak ya iya riƙe wuta na kusan kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa in wutar waje ta yanke. Akwai kuma wata waya mai ruwan toka a cikin damin wayoyin da ke shiga madabod, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kansa, aikinta kawai ta shaida cewa wuta lafiya. Rawaya bolt 12 take kaiwa, ja 5, ruwan lemo 3.3, kuma ba a yarda su kauce da fiye da kashi 5 cikin ɗari ba. Da zarar sun kauce, mai ruwan tokar takan janye shaidarta, madabod ya tsayar da furosesa nan take, in wuta ta daidaita a fara daga farko. Shi ya sa ba mu ga shuɗin allo ba. Baba bai san sunan wayar ba, amma da allurar mita da ƙwan fitila ya isa wurin.

Ya rubuta mini lambobin da ke jikin kowace kwandensa, ya aike ni Sabon Gari. Ya ce in duba ƙarfin ya zo daidai, bolt ɗin kada ya gaza na tsohuwar, in kuma nemi masu 105 a jiki, domin sun fi masu 85 jure zafi. Da na dawo ya cire manyan biyun duka, ya ce ba a haɗa sabon sa da gajiyayye a garma ɗaya. Ya nuna mini zanen da ke gefen kowace, alamar ƙafar da ba a juyawa. Uku ya liƙa da hannunsa. Sauran biyun ya miƙo mini ƙarfen, ya riƙe mini wuyan hannu har dalma ta kwanta tana ƙyalli.

Muka mayar, muka kunna. Yaya ya ɗora takarda hamsin a injin ya danna. Fitila ta dushe, ta dawo, ta sake dushewa. Allona bai ko girgiza ba. Maigida ya sa aka sake yi har sau uku. A makon ya kira mai wayarin ya ja wa injin layinsa daban da waya mai kauri, daga baya kuma ya sayo UPS, na'ura mai batir da ke riƙe wa kwamfuta wuta in ta yanke.

Bai ce mini in yi haƙuri ba, ba kuma na jiran hakan daga babba. Amma ranar Asabar da za mu tashi ya ciro mabuɗin shago na biyu ya ajiye a kan teburina, ya ce, "Gobe kai za ka buɗe. Kuma duk wata ka riƙa hure su ukun." Baba kuwa ya ƙi karɓar ko sisi, sai goro da maigida ya aika masa.

Malama ta dawo muka ƙarasa babi na huɗu da na biyar a zama biyu. Ranar da ta karɓi kundin daga wurin masu ɗauri ta biyo ta shago ta nuna mini, ta yi mini addu'ar da har yanzu nake jin ɗuminta.

Da la'asar ɗin ranar Baba ya kira ni rumfa, ya tura mini wata tsohuwar rediyo da mitarsa, ya ce in ina so, kullum bayan an tashi in zo in zauna awa ɗaya. Na ce sai na tambayi mahaifina. Yadda muka yi da shi a zaure a daren nan, da sharaɗin da ya gindaya mini, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.